Aikin Nuhu

Tun da na dawo daga ƙasar Benin ban huta da tambaya ba. A masallaci, a bakin gona, har wurin zaman makokin da muka je Kudan, sai wani ya matso ya rage murya ya ce, "Malam, yaya aka ga ƙasar Faransi? Da gaske ne a kan keke ake biyan mutum albashi?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Ni mutumin Janfalan ne. Na koyar a firamare har na yi ritaya, yanzu noma nake yi, da yamma kuma in karantar da manya littattafai a zaurena. Nuhu ɗana ne na uku, sana'arsa tseren keke. Ya fara ne da tsohon keken gida, yana kai tumatir Ikara, yana ɗauko rake daga Kudan zuwa kasuwar Makarfi. Wani jami'in wasanni ya gan shi wata rana yana hawan tudu da kaya niƙi-niƙi ko numfashi bai canza ba, ya ja shi Kaduna. Daga nan sai Kudu, sai ƙasashen waje. Ya taɓa zama zakaran ƙasa, ya yi tsere a gabashin Afirka da arewacinta, lambobin da yake aikowa uwarsa ta cika langa da su. Shekara goma sha shida ke nan, ban taɓa ganinsa a kan keken tsere ba, kuma da gangan. A ganina, jikan malamai, baligi mai iyali, bai kamata ya matse jikinsa cikin ɗan wando yana wasan yara ba. In an tambaye ni shi nakan ce, "Yana Kudu yana neman abinci."

Bana, bayan ruwan farko ya sauka, ya bugo waya. Muka gaisa, ya tambayi kowa da kowa, sannan ya ce, "Baba, akwai tsere na kwana biyar a arewacin Benin. Shi ne na ƙarshe, gwiwata ta ce ya isa. Ina so ka gani ko sau ɗaya ne."

Na ce masa lokacin shuka ne. Ya ce, "Haka ne, Baba. Allah ya ba da damina mai albarka."

Uwarsa tana bakin murhu, ta ji duka. Ba ta ko juyo ba ta ce, "Malam, in ba za ka je ba ni zan je. Kuma ka san ban san hanya ba."

Shekara arba'in muna tare, ban taɓa jin ta yi mini magana da wannan muryar ba. Washegari na nemi Alhaji Tanimu, abokina ɗan Kudan mai fataucin barkono, wanda ya san hanyar Faraku kamar hanyar gonarsa. Ya kai ni aka yi mini takardar tafiya da allurar rigakafi. Na bar wa ƙanena iri da gona.

A Makarfi muka haɗu da Tanimu da sassafe. Ni da jaka ɗaya da ƙunshin da uwar Nuhu ta ba ni, dakuwa da mazarƙwaila da garin kuka. Shi da buhu biyu da buta da tabarma da rediyo. Muka shiga Zariya, muka wuce Kaduna, muka bi ta Suleja zuwa Mina. Tanimu mutum ne da ba ya iya zama shiru a mota. Kafin mu kai Bida ya sasanta wani fasinja da matarsa ta waya, ya kuma gaya wa kowa a motar cewa ɗana shahararren ɗan tsere ne. Wata mata ta ce, "Tseren doki?" Na yi kamar barci nake.

Hanyar Mokwa ta jijjiga mu har sai da haƙorina na roba ya motsa. Muka kwana Ilori a gidan wani mai awon hatsi a unguwar Hausawa, inda aka ba mu amala da miya mai yauƙi. Tanimu ya cinye tasa ya jawo tawa. Ni dai ban saba da tuwo baƙi ba, na jiƙa mazarƙwaila na sha.

Kwana na biyu da azahar muka isa iyakar Cikanda. A ɓangarenmu babu wata wahala. A ɓangarensu wani jami'i dogo ya nemi katin rigakafi. Na laluba aljihu na dama, na hagu, na gaba, babu. Sai na tuna na bar shi a aljihun rigar da na cire a Ilori, rigar tana cikin jaka, jakar tana saman mota ƙarƙashin buhunan doya. Direba ya dafe kai. Sai da aka sauke rabin kayan, fasinjoji na tsaye a rana suna hararata da harsuna uku.

Da na kawo katin, jami'in ya duba shi, ya duba takardata, ya tambayi dalilin zuwana. Tanimu ya fassara da guntun Faransancinsa, ya haɗa da kwatancen tuƙa keke da hannu, ya faɗi sunan Nuhu. Jami'in ya ɗago kai. Ya maimaita sunan, ya kira abokin aikinsa, suka yi ta magana da sauri. Sannan ya miƙe tsaye ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce da gurɓatacciyar Hausa, "Kai baban Tarakta?"

Ban gane ba. Tanimu ya ce wai sunan da ake kiran Nuhu da shi ke nan a ƙasashen nan, saboda yadda yake jan mutane a bayansa. Jami'in ya ce tun yana ɗalibi yake jin sunan a rediyo. Ya sa aka kawo mini kujera da ruwan sanyi. Na zauna ina sha ina tunanin cewa wannan baƙon ya san wani abu game da ɗana da ni ban sani ba.

A Faraku muka sauka zango, gidan Alhaji Mamudu, wanda kakansa ya zo daga ƙasar Kabi da fataucin goro bai koma ba. Hausarsu ta gauraya da Dandanci da Faransanci, sai ka kasa kunne sosai. Amma karamci irin na gida ne, har ya fi. Da safe shayi da wani dogon burodi mai tauri kamar sanda, da rana sakwara da miyar gyaɗa da cukun Fulani soyayye, wanda har yau ina kewarsa. Abubuwa da yawa sun ba ni mamaki. Mata tsofaffi da 'yan mata suna tuƙa babur da kansu, ba mai ko kallonsu. Ana sayar da fetur a manyan kwalabe a bakin hanya. In rana ta take sai a rufe ofis da kanti a tafi a kwanta, abin da Tanimu ya ce shi kaɗai ya isa ya sa mutum ya ƙaura can. Mutanen ƙasar kuma, Bargawa, in za su gaida babba sai sun durƙusa har ƙasa suna amsawa da ƙaramar murya, gaisuwa mai tsawo da ta fi tamu. Na ce wa Tanimu ashe ba mu kaɗai muka iya ladabi ba.

Mun tarar an yi kwana biyu ana tsere. A rana ta uku aka ce za su bi ta bakin gari, muka fita tun hantsi muka sami gindin mangwaro. 'Yan sanda sun rufe hanya, an jera 'yan makaranta, masu ganga suna kiɗa. Muka yi awa uku a tsaye. Can sai ga babura da jiniya, sai wata ƙara kamar ta ruwan sama a kan kwano, sai wani curi na mutane masu launi-launi ya wuce fuu! Kafin in gyara tabarau sun ɓace.

Na ce, "Tanimu, ka gan shi?"

Ya ce, "Na ga dai wani baƙi."

"Ai dukansu baƙaƙe ne."

Muka koma zango. Kwana biyu a mota, na bar shuka, don abin da bai kai tsawon atishawa ba.

Da yamma Nuhu ya zo gaishe ni cikin doguwar riga da hula. Ya rame fiye da yadda na san shi, ya durƙusa da ƙyar. Ya zo da mai horar da su, wani Fidelis, Inyamuri haifaffen Sabon Garin Zariya, Hausa a bakinsa kamar tawa. Da ya ji yadda kallonmu ya kasance ya yi dariya ya ce, "Baba, ba a ganin tseren keke daga gindin bishiya. Gobe motata za ka shiga."

A cikin motar nan na fara ganin abin, kuma abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Muna bin bayan 'yan tseren, sai ga Nuhu ya ragu ya dawo wajen taga. Na lura wandonsa ya sauka har ƙasan gwiwa, ba kamar na sauran ba. Fidelis ya riƙa miƙa masa gorunan ruwa yana cusawa a riga, gaba da baya, har ya zama kamar jakin 'yan garuwa. Ya dube ni ya ce, "Sannu, Baba," ya taka ya koma cikinsu yana rabawa. Sau huɗu yana yin haka. In ba ruwa yake kaiwa ba, yana gaba, wani siririn saurayi mai rigar rawaya yana manne da bayansa.

Na ce, "Wane ne wancan?"

"Bitrus ke nan, ɗan Filato. Shi ke kan gaba a jimillar kwanakin, shi muke so ya ci."

"Shi kuma nawa ɗan aike ne?"

Fidelis bai ji haushi ba. Ya ce, "Baba, fito da hannunka ta taga." Na fitar, iska ta banƙare shi baya. Ya ce, "Da wannan suke faɗa tun safe. Wanda ke gaba shi ke shan ta, na bayansa yana hutawa. Nuhu ya ci nasa a lokacinsa. Da ya ga ƙafarsa ta fara raguwa, wasu a nan suke yin fushi su tafi, shi sai ya koma ja. Mutum uku na sani da suka ɗauki kofi a bayansa. Kuma duk saurayin da ya shigo ƙungiyar nan, Nuhu ne ya koya masa yadda ake cin abinci da yadda ake faɗuwa."

Ni malamin firamare ne, na san yadda ake koyar da yaro baƙi da wasali ya zama likita ya wuce ka a mota. Amma ban faɗa masa ba.

Ranar ƙarshe hadari ya haɗu tun safe. Kafin a tashi Fidelis ya tara su ya ce Bitrus yana da tazara, sauran za su kula da shi, yau ta Nuhu ce, ya je ya nemi nasara ta kansa a gaban mahaifinsa. Suka yi ta dukan bayansa. Ba a yi nisa ba Nuhu ya fice da wasu mutum uku, suka yi gaba har ba ma hango su. Rediyon motar yana ta Faransanci, ba na jin komai sai sunansa. Fidelis yana fassara mini: tazara tana ƙaruwa, biyu daga cikin ukun sun gaji, na ukun kuma Nuhu ya fi shi ƙarfin ƙarshe. Na ga hannuna yana jan carbi da sauri ban san lokacin da na ciro shi ba.

Sai ruwa ya kece. A wani shatale-tale, saura kaɗan a shiga gari, kekuna suka zame, mutum kusan goma suka zube. Da muka iso Bitrus yana tsaye jini a gwiwar hannu, kekensa ya karye. Makaniken da ke cikin motarmu ya sauko masa da wani keken daga saman mota, ya tura shi. Amma sauran sun yi nisa, abokan hamayya sun ji labari sun ƙara wuta, 'yan ƙungiyarmu biyu suna cikin waɗanda suka faɗi, ɗaya kuma ƙarfinsa ya ƙare. Yaron nan shi kaɗai cikin iska da ruwa, muna ganin yadda kafaɗunsa ke rawa.

Fidelis ya ɗauki 'yar wayar da yake magana da su. Ni, wanda shekara goma sha shida nake kiran abin nan wasan yara, na kama hannunsa na riƙe.

Na ce, "Don Allah ka bar shi. Yau kaɗai."

Ya ce, "Baba, ni na ba shi yau, ba zan karɓe ba. Amma in ban gaya masa ba, ba zai yafe mini ba."

Na sake shi. Ya yi magana da Turanci, na ji duka: Bitrus ya faɗi, ya tashi, ba shi da kowa, ba umarni ba ne, kai za ka zaɓa. Wayar ta yi shuu na ɗan lokaci. Sai muryar Nuhu, da Hausa, yana haki: "Ce masa ya sha ruwa. Ina jiransa."

Mun same shi a gefen hanya yana takawa a hankali yana waiwaye. Duk tarin 'yan tseren sun wuce shi yana kallo. Da Bitrus ya iso, Nuhu ya shiga gabansa ya sunkuya. Abin da na gani daga nan ban da kalmomin da zan faɗe shi daidai. Bayansa bai motsi, ƙafafun kawai ke aiki, bakinsa a buɗe, ruwa yana kwarara daga haɓarsa. Motarmu tana gudu irin na ɗan acaɓa mai sauri tsakanin Ikara da Makarfi, amma ba mu wuce su ba. Can muka hango wutsiyar tarin, ta matso, ta ƙara matsowa. Tanimu ya ce wai an ga wani tsoho ya fito da rabin jikinsa ta taga yana ihu da sunan ɗansa. Ni dai abin da na sani, a nan hulata ta tafi, sabuwa dal.

Da suka kamo su, Bitrus ya kutsa ciki, Nuhu ya saki. Kamar an zare masa laka. A kwanar ƙarshe tayarsa ta zame, ya faɗi a kan tafukansa, kwalta ta kwashe fatar. Makanike ya ce ya shigo mota, ya girgiza kai. Ya hau ya ƙarasa da gwiwar hannu a kan kan keken, kusan na ƙarshe. An riga an fara kiɗan ba da kofi, amma mutane ba su bar bakin hanya ba, suna dukan allunan talla suna kiran "Tarakta! Tarakta!" Bitrus ya ci tseren a jimillar kwanakin. Ya sauko daga dandamali da kofin ya zo ya durƙusa a gabana yana kuka, ya ce, "Baba, na gode." Na ce ba ni zai gode wa ba. Ya ce, "Na sani. Shi ba ya karɓa ne."

La'asar ta same mu a makarantar da aka sauki 'yan tseren. An naɗe wa Nuhu hannu biyu da bandeji, ba ya iya riƙe buta. Na ce ya zauna a kan dakali. Ya ce, "Haba Baba, bari in kira wani." Na ce, "Zauna."

Na wanke masa fuska, na naɗe hannun rigarsa. Rabona da ganin jikinsa kusa haka tun yana yaro. Tabo ne ko'ina, wani kan wani. Na taɓa wani a kafaɗa, inda ƙashi ya yi tudu, na ce, "Wannan fa?"

"Ruwanda, Baba. Gangaren dutse."

"Wannan?"

"Maroko. Kare ne ya shigo hanya."

Ya riƙa faɗa yana murmushi, Kamaru, Barkina, Fatakwal. Sai na zo kan wani tsohon tabo, dogo, a damtsen hagu, ɗinkinsa ba na asibiti ba ne. Na ce, "Wannan kuma wace ƙasa ce?"

Ya dubi butar.

"Wannan a zaure ne, Baba."

Ban gane ba sai da ya ƙara da cewa, "Ranar da na zo da keken tsere na farko."

Na tuna ranar. Na dawo daga gona na tarar da keken a jingine, an ce ya bar jarrabawa ya tafi Kaduna tsere. Na ɗaga fartanya na sari keken, ya yi tsalle ya rungume shi, na jefar da fartanyar na fita. Keken na tuna. Ban taɓa sanin ƙarfen ya same shi ba. Ya ce wanzami ne ya ɗinke, ya yi wata guda yana sa riga mai dogon hannu.

Ruwan butar yana zuba a ƙasa ban sani ba. A gidanmu uba ba ya roƙon ɗa, ban taɓa ji ba, ban taɓa gani ba. Na ce, "Nuhu, ka yafe mini."

Ya zabura zai durƙusa, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, ya dafa kafaɗata da bandejinsa. Ya ce, "Wallahi Baba ban taɓa riƙe ka ba. Ni dai so nake ka gani."

Na ce, "Na gani. Allah ya yi maka albarka, kai da aikinka."

Na ƙarasa masa alwala, na wanke ƙafafun nan. Muka yi salla, ni a tsaye, shi a zaune.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Alhaji Mamudu ya ba ni hula irin tasu da cuku a ganye, wanda ya lalace tun kafin Jabba, fasinjoji suka sa Tanimu ya jefar. Nuhu ya tsaya Kudu ya sallami ƙungiyarsu, zai dawo gida bayan girbi. Yana so ya tara matasan Ikara da Makarfi da Kudan masu ƙarfin ƙafa ya koya musu, na ce ɗakin da ke jikin zaurena babu kowa a ciki, ya ajiye kekuna.

Na iso Janfalan da yamma na tarar masara ta tsiro. Uwarsa ta kawo mini ruwa ta zauna nesa kaɗan, tana jira. Na ba ta labari tun daga iyaka har kofi. Da na gama na ce, "Tabon da ke hannunsa na hagu. Kin sani?"

Ta ce, "Ni na riƙe shi wanzami ya ɗinke."

"Shekara goma sha shida, me ya hana ki gaya mini?"

Ta ɗauki kofin ruwan ta miƙe. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Malam, yau ka fara tambaya."